Darasin Kantin Challenge Ga Marubutan Hausa

Mu Katsinawa mun san mishan ɗin SIM ne ta asibitin kutare na Babbar Ruga, wanda ta fara riƙewa a shekarun 1930. Kaɗan daga cikinmu suka san cewa ta yi fice a harkar ɗab'i.

An kafa SIM a 1893. Ta girka maɗaba'a a Jos, ta buɗe kantunan littattafai, sannan a 1951 ta fara fitar da mujallar African Challenge. Cocin ECWA, wadda ta samo asali daga mishan ɗin a 1954, ita ta gaji wannan kasuwanci, har yau kuma kantunan Challenge suna nan a garuruwa da dama.

Abin da ya ja hankalina, ni da nake Musulmi mai koyarwa, shi ne yadda suka haɗa maɗaba'a da kanti a hannu ɗaya. Sun kuma jera littattafan makaranta da kayan rubutu kusa da na addini, cinikin wannan yana tallafar wancan.

Mu fa? Marubucinmu yakan ci bashi ya buga kwafi ɗari biyar, a yi bikin ƙaddamarwa, sauran su ƙare a ƙarƙashin gado. Ɗalibaina kuwa sai su koma ga hoton shafukan da ya dusashe, domin ba su san inda za su sayi littafin ba.

Ba sai mun yi tarayya da su a aƙida za mu koyi dabararsu ba. Ina roƙon attajiran Katsina da ƙungiyoyin marubuta su zuba jari a kantuna da hanyoyin rarraba littafi, kafin su ƙara sayen injin bugawa.