Abin Da Babur Ɗin Kawuna Ya Koya Mini

Masu iya magana sun ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da ina jin wannan karin magana a bakin manya kawai, sai a hutun damina da ya wuce na ga ma'anarsa da idona. Na ga ya kamata in ba 'yan'uwana labarin, ko wani ya tsira daga ramin da na faɗa.

Kawuna malamin gona ne, kullum yana bisa hanya tsakanin ƙauyuka. Abin hawansa wani tsohon babur ne ƙirar Jamus, BMW samfurin R60/5, irin waɗanda aka yi tsakanin 1969 da 1973. Shi ba shi da sarƙa kamar sauran babura. Sandar ƙarfe ce, kamar farfelar mota, ke ɗauko ƙarfin inji daga giyabos ta kai wa ƙafar baya. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, gama tun 1923 kamfanin ya fitar da babur ɗinsa na fari, R32, da ita. Amfaninta kuwa, ba ruwan mutum da jan sarƙa ko wanke ta, rairayi kuma ba ya cinta.

Ita ƙafar bayan tana haɗe da wasu hannuwa biyu na ƙarfe masu lilo, su ke barinta ta hau ta sauka in an shiga gargada. Sandar nan cikin hannun dama ta ke kwance, tana juyi cikin mai. A gindin hannuwan, inda su ke haɗuwa da jikin babur, akwai boris biyu masu tsukewa, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da ƙusa mai zare da ta tokare shi, da noti mai kulle ta.

Ran nan Kawu ya aike ni kasuwa a kansa. Ina shan kwana sai na ji bayan babur yana kaɗawa kamar wutsiyar kifi. Da na komo gida na kafa shi bisa matsayinsa na tsakiya, ƙafar baya ta bar ƙasa, na kama ta na jijjiga dama da hagu, sai na ji ƙwas ƙwas daga gindin hannun. Na ce a raina, ai wannan ba sai an kai wa makanike ba, abu ne ya saki, a ɗaure shi. Na ɗauko sufana na kwance noti na hagu, na murɗa ƙusar da iyakar ƙarfina, har motsin ya ɓace. Ban gaya wa kowa ba, ina jira a yaba mini.

Bayan kwana uku Kawu ya komo daga rangadi yana dafe da ƙugu. Ya ce babur ya zama kamar jakin da aka ɗaure wa ƙafa, kowane rami sai ya ji shi a ƙashin baya. Muka tura shi wurin wani dattijon makanike a bakin tasha.

Na zauna ina kallon aikinsa. Ya cire ƙafar baya, ya tsiyaye man da ke cikin hannun dama, ya kwance shokozoba biyu da sandar birki. Sa'an nan ya janye robar da ta rufe mahaɗar sanda da giyabos, ya kwance ƙusoshi huɗu da ke wurin, ya zare ƙusoshin gindi, hannuwan suka fito. Da ya wanke boris da kananzir, ashe ruwan rafukan da Kawu ke ƙetarewa ya daɗe da shiga, giris ya wanke, tsatsa ta ci su. Ya nuna mana wasu sababbin gurabe a jikinsu, ya ce, "Wannan kam ba aikin ruwa ba ne, hannun mutum ne. Wa ya taɓa nan?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baba, ni ne." Kawu bai ce mini kome ba, shirun nan kuwa ya fi mini bulala zafi.

Dattijon ya ce, "Samari, matso ka gani. Motsin da ka ji ƙara ce boris ya kawo maka, kai kuwa maimakon ka saurare shi sai ka toshe masa baki." Ya nuna mini kuma yadda ɗaurina na gefe guda ya ture hannuwan daga tsakiya, har sanda ta bar daidai da bakin giyabos, abin da ke gajiyar da gaɓarta. Ya ce ƙa'ida ita ce a cika boris da giris, a daidaita ratar dama da ta hagu su zama ɗaya, a ɗaure ƙusa har boris ya zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa kaɗan, sa'an nan a riƙe ta a kulle noti tam. In an gama, hannu ya yi lilo sama da ƙasa ba cijewa, ba kuwa motsin gefe.

Sai da aka yi mako uku kafin a sami sababbin boris. Duk kwanakin nan a kan keke Kawu ya yi ta zaga ƙauyukansa cikin taɓo, lokacin da manoma suka fi bukatarsa. Kuɗin kuma daga albashinsa suka fita.

Da muka komo makaranta aka tura ni gwajin koyarwa. A ajin akwai wani yaro, in an zo karatu sai ya yi ta tuntuɓe. Har na ɗaga murya zan tsananta masa, sai maganar dattijon nan ta faɗo mini. Na kira shi gefe bayan an tashi, na bincika a hankali. Ashe daga bayan aji ba ya ganin allo sosai. Na komo da shi gaba, na kuma aika wa mahaifinsa a kai shi a duba idonsa.

To, 'yan'uwana masu shirin zama malamai, in kun ga abu na rawa, kada ku yi gaggawar ɗaure shi. Ku buɗe tukuna ku ga abin da ya sa. In kuwa ya fi ƙarfin saninku, tambaya ba ta rage mutum. Allah ya sa mu gane, amin.