Ɗaurin Sifirin a Kasuwar Kwastam

A Kasuwar Kwastam ta Maiduguri nakan tsaya gun masu gyaran kujera idan sun farke wata tsohuwar kujera. Sifirin mai murɗe ba ya tsayuwa shi kaɗai. Kafinta zai ɗinke gindinsa, ya danne kansa da tafin hannu, sannan ya bi da igiya, gaba zuwa baya, gefe zuwa gefe, yana ƙulli a kowace mahaɗa kafin ya kafe bakin igiyar da ƙusa. Ƙulli ɗaya ya kwance, kujerar ta soma kuka.

Yanzu yawanci robar taya ake ja, a ɗora soso. Ya fi araha kam, amma zafin garin nan ba ya barin roba ta daɗe.