HDR Ɗin Da Ke Kyamarar Wayarka: Yaushe Za Ka Kunna, Yaushe Za Ka Kashe?



Buɗe kyamarar wayarka ka duba can sama, ko ka leƙa cikin saiti. Tecno ce, Infinix ce ko Samsung, da wuya ka rasa haruffan nan uku: HDR. Wasu sababbin wayoyin ma sun ɓoye maɓallin, su ke kunna abinsu da kansu. Mutane da yawa ɗauka suke yi maɓallin ƙara wa hoto kyau ne, alhali matsala ɗaya tak aka yi shi domin ta: haske mai yawa da duhu mai yawa a cikin hoto guda.

Tsaya a cikin zaure da rana tsaka ka kalli waje. Idonka yana ganin tabarmar da ke ciki, yana kuma ganin mai wucewa a titi. Kyamara ba ta da wannan baiwar, dole ta zaɓi ɗaya. In ta bi wajen, zauren ya zama kamar rijiya. In ta bi zauren, ƙofar ta koma fari fat, ba titi ba mutum.

To abin da HDR ke yi shi ne, kai ka danna sau ɗaya, ita wayar ta ɗauki hotuna da yawa a jere cikin ƙiftawar ido: wani mai duhu, wani tsaka-tsaki, wani mai haske. Sai ta ɗebo sararin sama daga mai duhun, ta ɗebo inuwa daga mai hasken, ta haɗa maka su. Masu manyan kyamarori da hannu suke yin haka, su saita -2, 0 da +2. Kowane mataki ɗaya ninka haske ne sau biyu, ka ga tsakanin na farko da na ƙarshe ninki 16 ke nan.

Dabarar ma ba ta yau ba ce. Tun wajejen 1850 da 'yan kai, wani mai hoto a Faransa, Gustave Le Gray, yake ɗaukar teku daban, sararin sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya. A 2010 Apple ya sa HDR a iPhone 4, a 2013 kuma Google ya fito da HDR+ a Nexus 5, wanda shi hotuna masu ɗan duhu yake tarawa da yawa ya haɗa.

Mu nan ai mun fi kowa buƙatar abin. Duba ranar Sallah ko ɗaurin aure bayan Juma'a: rana ta take, ango ya sha farar shadda, fatarsa baƙa, rana na dukan saman kansa, idanunsa na cikin inuwa. Fari mai ƙyalli da fuska mai duhu a wuri ɗaya, wallahi babu jarrabawar da ta fi wannan wa kyamara. Ko dai aikin wuyan rigar da aka kashe wa kuɗi ya ɓace cikin fari, ko fuskar ta zama ba a gane mai ita. Kuma fa ba za a sake tara maka jama'ar nan gobe don ka gyara ba.

Shi ya sa kada ka bari sai ranar biki ka fara gwaji. Ni a ƙofar zauren gidanmu na koya, ita nake ba kowa shawara. Kashe HDR, ka taɓa wajen ƙofar a fuskar wayar, ka ɗauka. Taɓa cikin zauren, ka sake ɗauka. Sannan ka kunna HDR ka ɗauki na uku. Jera su ka zuƙo kowanne, ka duba abin da ya ɓace a na farko da na biyu, da abin da ya dawo a na ukun. Ka yi haka da safe, da azahar, da la'asar. Bayan 'yan kwanaki, kafin ka ciro wayar ma idonka zai gaya maka ko wurin na buƙatarsa. Sai dai ka riƙe wayar da hannu biyu, gwiwoyin hannu a jikin haƙarƙari, kuma in ka danna ka ɗan jinkirta kafin ka sauke, don hotuna da yawa take ɗauka.

Akwai inda zai ɓata maka aiki. Duk abin da ke gudu, dawakin hawan daba ko yara na tsalle, kana iya ganin ƙafar doki ta zama biyu, saboda ya motsa tsakanin hoto da hoto. Manyan wayoyi sun rage wannan sosai, ƙananan kam har yanzu. In kana son hoton faɗuwar rana wanda mutum zai fito baƙi ƙirin kamar inuwa, HDR zai haskaka shi ya kashe armashin. Da hunturu in hazo ya rufe gari kuwa, hasken duk ɗaya ne, ba abin da zai ƙara maka.

Ke kuma 'yar uwa mai sayar da atamfa da leshi a WhatsApp, ki yi hattara. A wasu wayoyin HDR yana ƙara wa launi kauri, ja ya fi na gaske ja. Kaya su isa hannun mai saye ta ce ba wannan ta gani ba, an shiga rigimar maida kuɗi. Gara ki kashe shi, ki shimfiɗa kayan a inuwar baranda ki ɗauka, sannan ki kara wayar kusa da zanen ki gwada launin da idonki kafin ki tura.

Wurin da ya ƙone fari fat a hoto ba ya dawowa, ko da Snapseed kuwa, don babu komai a ajiye a wurin. Inuwa ce ake iya ɗagowa daga baya. Saboda haka in rana ta yi tsanani, ko da HDR a kunne, taɓa fuskar mutumin ka ɗan ja alamar hasken ƙasa kafin ka danna. In kuwa akwai darbejiya a kusa, ce wa ango ya matso ƙarƙashinta.