Zare: in sabunta Premiere a tsohuwar laptop ɗina ko in haƙura? 🧵

Jama'a masu editin da tsofaffin laptop, ku matso. Wani abokin aikina ya samo mana biki na kwana uku, kamu, ɗaurin aure da dina, ya ce sai na koma sabon Premiere Pro kafin mu raba aikin. Kuɗin rajistata na wannan shekarar daga aikin nan nake sa ran fitarsa, shi ya sa na zauna na yi lissafi.

Laptop ɗina HP EliteBook 8470p ce 'yar Beljiyam, ƙirar 2012. Core i5 ƙarni na 3, RAM 8GB. Ita ta yi duk bidiyon bikin da na haɗa a Unguwar Kanawa da Kawo. Fankarta na kuka kamar injin markaɗe, amma tana kai aiki.

Dalilinsa mai ƙarfi ne. Aikin da aka adana a sabon Premiere ba ya buɗuwa a tsoho. Tsohon aiki dai yana buɗuwa a sabo. To in ya yanka rabi ya turo min, sai dai in yi ta kallon fayil.

Sai na duba abin da Adobe ke nema: Intel ƙarni na 6 zuwa sama, kuma dole furosesa ta kasance da AVX2. Shi AVX2 ɗin da ƙarni na 4 ya zo, a 2013. Tawa shekara ɗaya ta rasa shi 😭 Ba a sayensa a shago, a jikin furosesa yake. Ko RAM nawa ka zuba mata ba zai fito ba.

Masu cewa “kawo a sa maka na kyauta a kasuwa”, na ji ku. Manhajar da aka fasa ba ta sauya furosesa. Kuma ba zan sa abin da ban san me aka cusa a ciki ba a kwamfutar da bidiyon amaren mutane ke ciki.

DaVinci Resolve kyauta ne, gaskiya, amma yana son RAM 16GB da katin hoto na kirki. Intel HD 4000 gare ni. An wuce wurin.

Abin da ke sa ta tsaya cak ma ba tsufan manhajar ba ne. Bidiyon da ƙawayen amarya ke turowa daga iPhone ne. HEVC ne, kuma wannan furosesar ba ta da sashen da ke warware shi, da ƙarfin tsiya take yi. In na juya shi H.264 da HandBrake kafin in fara, lafiya lau take tafiya. Juyawar ce ke cin lokaci, sai in bar ta cikin dare in da wuta. In za ku ɗauka da iPhone, don Allah ku shiga Settings, Camera, Formats ku zaɓi Most Compatible. Kun rage min awa biyu.

Shawarar da na yanke: ba zan taɓa manhajar ba. Zan cire hadis in sa SSD, in kai RAM 16GB, iyakar abin da take ɗauka kenan. Shi kuma ya fitar min da XML maimakon fayil ɗin aikin. Yanka da jerin bidiyo za su zo, kala da wasu kwalliya ba lallai su biyo ba, don haka kala nasa ne, ni in yi yanka da sauti.

Abin da ke damuna na gaske Windows ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ƙarni na 8 take nema. Kenan sauya laptop na nan tafe, ba dai wannan zangon ba.

Wanda ya taɓa turo XML daga sabon Premiere zuwa tsoho ya faɗa min me ya ɓace masa, kafin Asabar.