Mu ƴan 1 ga Janairu

Akwai wani abu da mutane ke son jin labarinsa: manyan mutanen da aka haifa rana ɗaya. Wanda ya fi shahara shi ne na 12 ga Fabrairu 1809. A ranar aka haifi Abraham Lincoln cikin wani ɗan ɗakin katako a Amurka, ɗan talaka ne tilis. A ranar kuma aka haifi Charles Darwin a Ingila, gidan wani likita mai dukiya. Na farko ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu kan takardar ƴanta bayi a 1863, aka harbe shi a 1865. Na biyu ya ƙare rayuwarsa yana binciken tsirrai da dabbobi, ya rubuta littafin da har yau ake gardama a kansa.

Ga kuma 15 ga Janairu. Jamal Abdul Nasir na Masar, wanda ya karɓe mashigin Suwez a 1956, ranar aka haife shi a 1918. Martin Luther King, mai fafutukar ƴancin baƙar fata a Amurka, shi ma ranar ce tasa, a 1929.

Wasu da sun ji haka sai su ce ai ranar ce ke da sirri. To ni ban ga sirri ba. Masu lissafi sun nuna cewa in aka tara mutum 23 kacal, ya fi yiwuwa a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya da a rasa. Kwana 365 ne ake raba wa duniya duka, dole a haɗu.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mun iya haɗa Lincoln da Darwin don an riƙe ranar da suka zo duniya, ta kuma shiga rubutu. Mu a nan Nijar muna da tamu ranar da ta tara jama'a, amma rashin rubutu ne ya tara yawancinmu. Ku ɗauko katin ɗan ƙasa na mutum goma a kasuwar Maraɗi ko tashar Damagaram, ku duba sau nawa za ku ga 1 ga Janairu. Ranar tana da manyanta ma: a takarda, ita ce ranar haihuwar Mahamadu Isufu a 1952, da Bazum Mohamed a 1960, da Umar al-Bashir na Sudan a 1944.

Ni ma ina cikin ƴan ranar. Amma inna ta ce da kaka ta haife ni, ana yankan hatsi, shekara ɗaya bayan yunwar El Buhari ta 1984. To, wa ke yankan hatsi a Janairu? Abin da ya faru sananne ne. Wanda ba a yi wa takarda ba da aka haife shi, sai a kimanta shekarunsa a rubuta né vers, wato "an haife shi wajen shekara kaza". Da kwamfuta ta zo ta ce sai an cika rana da wata, sai aka zuba mu duka a ranar farko ta shekara.

Kada wani ya ce iyayenmu ba su damu da ranar haihuwa ba. Sun damu, cikin suna suka adana ta. Ladi da Ɗanladi ƴan Lahadi ne, Talatu ta Talata, Balarabe na Laraba, Jummai ta Juma'a, Asabe ta Asabar. Azumi kuwa sunanta ya faɗi watan. Sai dai wannan lissafin ba ya aiki a gaban ma'aikacin gwamnati.

Nan ne wasa ya ƙare. Yaro ya yi shekara shida yana lakwal, jarabawa ta matso, mushe ya ce kowa ya kawo takardar haihuwa. Sai uba ya bar gona ya kama zarya, neman shaidu, zuwa gidan shari'a, kuɗin mota. Wani ya samu, wani ya gaji ya ce yarinya ta zauna gida. Haka abin yake wajen katin ɗan ƙasa, da fasfo na aikin hajji, da neman aiki.

Don haka ina roƙonmu, in an yi haihuwa, yadda muke ɗokin ragon suna, mu yi ɗokin takarda. In a likita aka haihu, a tambayi ungozoma yadda za a yi rajista. In a gida ne, a sanar da maigari, a tafi ma'aikatar magajin gari tun jariri bai yi kwana da yawa ba. A rubuta ranar a ajiye cikin gida kuma, ta boko da ta Musulunci.

Ba mu san wanda jaririn nan zai zama ba, Allah kaɗai ya sani. Amma ranarsa tasa ce, mu ba shi abarsa. Allah ya raya mana zuri'a.