Bayan Yaye, Ɗa Na Wa?

A Mashi, kamar sauran garuruwanmu, idan aure ya mutu akan bar wa uwa jariri har ta yaye shi, sannan dangin uba su aiko a ɗauko “ɗanmu”. An saba da haka har wasu na zaton hukuncin addini ne.

Alhali Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu ta ba uwa haƙƙin reno: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta sake aure, kakar yaro ta wajen uwa ke biye, ba kishiyar da ke gidan uba ba. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba, ko ina yaron yake kwana.

Nan ne gizo ke saƙar. Alƙalin kotun shari'a zai yanka kuɗin ciyarwa, a biya wata biyu, na uku sai shiru. Kuɗin ma ba ya bin farashin kwanon gero. Abin da ya isa da kaka ba ya kai bazara. Bazawara kuwa tana jin nauyin komawa kotu, kada a ce ta cika kai ƙara, masu neman aurenta su janye.

Ban wanke iyaye mata duka ba. Akwai uban da ke aika hatsi ba fashi, amma in ya je ganin 'yarsa sai a tsayar da shi a ƙofar gida, a ce tana barci.