Da Na Je Nazarin Turawa a Gidansu

Tun muna aji ɗaya a Sashen Hausa ake karanta mana sunayen Turawan da suka yi nazarinmu. Barth ya shigo Kano a 1851 ya rubuta abin da ya gani a kasuwa da marina, Schön ya fitar da ƙamusunsa a 1876, sa'an nan Bargery ya biyo da nasa a 1934, wanda har gobe ba mu rabu da shi ba. To, sa'ad da Allah ya nufe ni da samun gurbin karatun digiri na biyu a fannin nazarin Turai, a wata jami'a ta ƙasar Beljiyam, sai wani malamina ya yi dariya ya ce, "Yau kuma Bahaushe ne zai je ya leƙa tukunyarsu." Abin da na tarar a tukunyar nan shi ne nake so in gutsura wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai.

Abu na farko da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan fanni bai damu da adabin Turawa ko al'adunsu ba, kamar yadda na zata. Kusan dukkan darussan a kan Tarayyar Turai suke, watau yadda aka kafa ta, da dokokinta, da kuɗinta.

Darasin tarihi wani dattijon shaihun malami ne yake koyar da shi. Ba ya zuwa da takarda ko ɗaya, sai dai ya jingina da tebur ya yi ta zuba kamar mai ba da tatsuniya. Ɗalibai Turawa da sunansa suke kiransa gatsau, ni kuwa bakina ya ƙi, Farfesa nake ce masa har muka rabu. A bakinsa na ji yadda ministan harkokin wajen Faransa, Robert Schuman, ya kawo shawara ran 9 ga Mayu 1950 cewa a haɗa kwal da ƙarfen Faransa da na Jamus a ƙarƙashin hukuma guda, domin da su ake ƙera makamai, in an gama su wuri ɗaya ba mai iya shirin yaƙi a ɓoye. Ƙasashe 6 suka sa hannu a Faris a 1951: Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holan da Luksambag, kana suka sake ƙulla Yarjejeniyar Rum a 1957, wadda ta kafa kasuwar tarayya. In ya zo kan wannan gaɓa muryarsa har rawa take yi, don ya ce a gidan da yaƙi ya rushe ya yi ƙuruciya. Haƙiƙa ban taɓa zama gaban mai iya lacca kamarsa ba.

Malamar shari'a kuwa ba ta da wannan zaƙin baki ko kaɗan. Ba ta murmushi, ba ta kuma yarda ɗalibi ya ce "a ganina" sai ya nuna sakin layin da ya dogara da shi. Makonni uku na farko na tsane ta, amma yau in aka tambaye ni wanda na fi ƙaruwa da shi, ita zan ambata. Ita ce ta tilasta mana karanta shari'ar wani lauya ɗan Milan mai suna Costa, wanda ya ƙi biyan kuɗin wutar lantarki lira 1,925 don yana adawa da mayar da kamfanonin wuta hannun gwamnati. A kan wannan ɗan kuɗi da bai taka kara ya karya ba, kotun Turai da ke Luksambag ta yanke hukunci a 1964 cewa dokar tarayyar tana gaba da dokar kowace ƙasa da ke cikinta. Ashe ƙorafin da ya taimaka wajen fitar da Birtaniya daga tarayyar a 2020, cewa alƙalan waje suna yi mata hukunci, tushensa yana nan cikin takardar kuɗin wuta.

Malamin tattalin arziki ba ni da abin faɗi da yawa a kansa. Allo yake cikawa da lissafi, bayansa muka fi sani a kan fuskarsa. Rana ɗaya kaɗai na farka sosai, ranar da ya ambata, a kan hanyarsa ta zuwa wata magana, cewa tun 1999 an ɗaure sefa da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Nan take na tuna kawuna mai fatauci zuwa Maraɗi, wanda bai taɓa jin sunan babban bankin Turai da ke Farankfot ba, alhali kuwa kuɗin da ke aljihunsa da shawarar bankin nan yake hawa da sauka.

Wannan ne ya sa na koma na karanta Yarjejeniyar Rum da kaina, irin karatun da malamar shari'a ta koya mana. Sai ga kashi na huɗu ya tanadi yadda za a jingina ƙasashen da Turawa ke mulka da kasuwar tarayyar, ciki har da Nijar, wadda ba ta sami 'yancin kai ba sai 1960, da Kwango ta Beljiyam. Aljeriya ma a lokacin ana lissafa ta a cikin Faransa. Daga nan ne aka sami Yarjejeniyar Yawunde ta 1963 da ƙasashen Afirka 18, sa'an nan ta Lome ta 1975, wadda Nijeriya ta shiga. Duk tsawon zangon nan, dattijon malaminmu bai ba wannan magana ko minti goma ba. Ban ce ɓoyewa ya yi ba. Na fi zaton labarin sulhu ne ya cika masa ido, har bai ga wanda aka kawo wurin sulhun ba tare da an tambaye shi ba.

Jarrabawar tarihi ta baka ce, ɗalibi ya zauna gaban malami shi kaɗai, a ba shi maki bisa 20. Ya tambaye ni dalilan da suka sa Faransa ta amince da yarjejeniyar 1957. Na san amsar da ke cikin laccarsa, na kuma san in na fāɗi wannan darasi tallafin karatuna yana iya tsayawa. Na kawo tasa amsar tukuna, sa'an nan na yi ta maza na ƙara da cewa Faransa ta gindaya sharaɗin a shigar da ƙasashen da take mulka, sauran ƙasashen kuma su sa hannu cikin asusun raya su. Ya yi shiru har na fara jin bugun zuciyata. Can ya ce, "Gaskiya ne. A ina ka karanta?" Na ce, "A cikin yarjejeniyar, Farfesa."

Maki 14 ya ba ni, ba yabo ba fallasa. Bayan mako guda sai ga saƙonsa, wai in ina so in rubuta kundina a kan kashi na huɗu, zai duba mini, amma da sharaɗin in gyara Faransancina, don yawancin takardun wancan zamani da Faransanci suke, kuma sai na je ma'adanar tarihin Tarayyar Turai da ke Fulorans ta Italiya na karanta su da idona. Na amsa masa da to. Washegari na je na yi rajistar ajin Faransanci na yamma, na zauna a layin gaba tare da 'yan aji ɗaya.